Kakiden Sallah da Wasiƙata Mai Shafi Uku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na bi ƙofa ƙofa ina tara mutane su zo su ga asirin wata ya tonu ba, ashe nawa na gayyace su kallo. A Dubai aka yi wannan, a shekarata ta biyu a can, kuma har yau in na ji ƙamshin suyar naman Sallah sai kunnuwana su ɗau zafi.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san daga inda na faɗo. Ni 'yar Gembu ce, can saman dutsen Mambilla, inda sanyi ba ya wasa da kowa. Ubana mahauci ne, kakana ma haka. A gidanmu in aka sauke suya, kafin a gama raba nama kakide ya daskare a kasko, ya yi fari fat, sai an sa wuƙa. (Kakide, ga waɗanda suka tashi a kan man gyaɗa, shi ne man da kitse ke fitarwa in an soya nama.) Inna ba ta taɓa yarda a zuba ko cokali ɗaya a kwata ba. Ta ce kafin ya kai bakin zaure ya toshe hanya, in ruwan sama ya sauko kuwa, kuma a Gembu ba ya gajiya da saukowa, duk ƙazantar gida sai ta dawo tsakar gida. Na gani da idona a maƙwabta: masai ya cika, kwata ta toshe, suka haɗu suka shiga ɗakuna. Katifu suka yi wata guda ba su bushe ba saboda hazo, bango ya yi baƙi da funfuna. Duk wannan na san shi tun ina goyon ƙanne.

Abin da ban sani ba shi ne karatu. Ban shiga aji ba sai da na kai shekara talatin da shida, da 'ya'ya huɗu. Ajin manya na yamma. Shekara shida na yi ina fama, na fito da takardar shaida mai jan hatimi, da sunana a rubuce da manyan baƙaƙe. Tun daga ranar ban ƙara barin wata magana ta wuce ban rubuta ta ba. Da can da baki kaɗai nake faɗa, yanzu ga baki ga biro. Malam, mijina, ya ce waɗanda suka buɗe ajin nan ba su san abin da suka jawo wa jama'a ba.

Malam akawu ne a wani ofishin kago a Port Saeed, inda ake tura kayan 'yan kasuwarmu gida. Da yara suka kama gabansu sai ya yi mini biza na bi shi. Muka zauna a International City, kusa da babbar kasuwar 'yan Sin ɗin nan, a fulat mai ɗaki da falo a bene na farko. Ƙasanmu shaguna ne, samanmu benaye uku cike da mutane iri iri. Ku riƙe wannan, zai yi amfani: duk ruwan da aka zubar a sama, ta cikin bangonmu yake bi ya sauka, kuma mu ne gida na ƙarshe kafin ya bar ginin.

Babbar Sallah ta zo. A can ba a yanka a ƙofar gida, mayanka ake zuwa a miƙo maka ragonka a leda. Abokan aikin Malam da wasu ɗalibai, gwauraye duka, ba wanda ya iya suya, suka ji akwai 'yar mahauta a gari. Kafin la'asar raguna biyar sun taru a kicin ɗina, kicin ɗin da in na juya sai gwiwar hannuna ta bugi firji. Kwana biyu ina suya. Citta, kanumfari, masoro, tafarnuwa, ba abin da na rage. Nama ya yi kyau, wannan kam ko maƙiyina ya shaida. Sai kakide ya taru, manyan tukwane biyu.

A gida da rabawa zan yi, kowa ya samu na wake da shinkafa. A nan wa zan ba? Likita ya hana Malam maiƙo, firji ya cika da nama, gwaurayen kuwa suka ce su ba su san abin da ake yi da shi ba. Na tsaya ina kallon tukwanen, sai ilimi ya motsa.

A aji an koya mana cewa sanyi ke daskarar da abu, zafi kuma ya narkar da shi. Na ci wannan tambayar a jarrabawa. To, Dubai fa? Garin da in ka buɗe famfon ruwan sanyi ruwan shayi ke fitowa? Garin da takalmin roba ke laushi a kan kwalta? Na cire 'yar rariyar ƙarfen da ke bakin sinki (tana rage mini gudu), na tuntsura tukunya.

Malam ya leƙo. "Anya kuwa, Hajiya? Ba ke kike ba mu labarin Inna da kwata ba?"

"Wancan Gembu ne. A nan kitse ba ya daskarewa. Har teku zai kai yana ruwa."

"In ji wa?"

"In ji kimiyya. Kai lissafin kwantena ka karanta, ka tsaya a kwantenarka."

Ya tsaya a kwantenarsa, bawan Allah.

Ana cikin wannan hidimar ne zobena ya ɓata, na azurfa mai ɗan jan dutse, wanda Inna ta ba ni. Hannu duk maiƙo, ban ji fitarsa ba. Na birkita gida ban gan shi ba, sai na yanke hukunci a lif ya faɗi, wani ya tsinta ya yi shiru. Na rubuta sanarwa da Hausa da Turanci, na zana zoben da jan biro, na manna a jikin lif. Wata biyu tana nan. Ba mai hawa ginin nan da bai san zobena ba, har 'yan Sin.

Suya kuma ba ta tsaya a Sallah ba. Labari ya bazu, kowane mako sai an kawo mini nama, mai son soye, mai son dambu na guzurin jirgi. Kowane mako kuma sai sinki ya sha rabonsa.

Sai Janairu ya shigo da abin da mutanen Dubai ke kira sanyi. Na ga mutane da rigunan ulu da hula har kunne, na yi dariya har da riƙe ciki, na ce a kai su Gembu su kwana ɗaya. Ban lura sinkina ya fara wani gurnani kamar tsoho mai tari ba. Na lura dai, in za a bi gaskiya. Na ce halin ginin zamani ne.

A saman kanmu daidai akwai Rifkatu, 'yar Pankshin, Kirista, tana aiki a wani shagon gyaran gashi a Al Nahda, bas biyu take hawa kafin ta isa. Da sunanta aka kama fulat ɗin, su huɗu suke ciki, duk mata. 'Ya'yanta biyu suna gida wurin uwarta. Ranar Juma'a, da yake ita ce ranar hutu a can a lokacin, in ta dawo daga coci sai ta yi wa mata kitso a falonta, da ƙarin gashin doki. Muna shiri sosai. Yaya take ce mini. In kukata ta ƙare in hau, in daddawarta ta ƙare ta sauko. Kaina ma ita ke kitse shi. Naman Sallar nan ta ci, har ta ce ya tuna mata gida.

Wata Juma'a da hantsi, lokacin da duk ginin ke gida, masu wanka na yi, masu wanki na yi, ina falo ina yanke farce, sai na ji sanyi a tafin ƙafata. Na duba, kafet ya yi duhu. Daga ƙarƙashin ƙofar banɗaki wani ruwa ke fitowa, ba gudu yake ba, tafiya yake a natse kamar mai gida ya dawo daga tafiya. Launinsa ba zan faɗa ba. Warinsa ma ba zan faɗa ba, wataƙila wani yana cin abinci yana karatun nan. Na buɗe ƙofar, na ga magudanar ƙasa tana tafasa kamar tukunya, masai ya cika ya kawo baki. Duk lokacin da wani a sama ya ja ruwa, sai mu samu namu kason.

Malam ya riga ya sa fararen kayan masallaci. Ya tattare wando ya ruga kiran natur (haka ake ce wa mai gadin gini a can), aka rufe ruwan ginin gaba ɗaya. Amma kafin nan ruwa ya gama da falo ya shiga uwar ɗaka. Kafet, katifa (a ƙasa muke shimfiɗa ta saboda bayan Malam), buhun shinkafa, takalma, duk ya bi ta kansu. Ban yi kuka ba. Sai na tuna jakar da ke ajiye a ƙasa bayan ƙofa. Takardar shaidata tana ciki. Na zaro ta tana ɗiga, jan hatimin ya narke ya gangaro ta kan sunana. Shekara shida ina zaman benci, ana leƙowa ta taga ana dariyar tsohuwa mai haɗa baƙi, ga abin da ya rage.

A nan idona ya faɗa kan abin da ke yawo a saman ruwan: silin gashi dogaye masu sheƙi, wasu ja, wasu ruwan zuma. Ba ɗan Adam ɗin da Allah ya halitta da irin wannan gashin. Na ce shi ke nan, na kama mai laifi.

Ko ƙafa ban wanke ba na hau. (Sawuna ya kwana biyu a kan matakala.) Na samu Rifkatu da kan wata 'yar Kamaru tsakanin gwiwoyinta, kitso ya yi rabi.

"Yaya, lafiya? Me ke wari haka?"

"Gashinki ne. Ya sauko gaishe ni, ya taho da 'yan rakiya."

Na shimfiɗa mata jiƙaƙƙiyar takardar shaidar a kan teburi, tsakanin mataji da man kitso. Ta dubi takardar, ta dube ni.

"Yaya, Allah ya sani a leda nake tara gashi. Ga ledar can. Ɗan abin da ke bin ruwa in an wanke kai ba zai toshe gini guda ba."

"Ɗan abin? Sauko ki ga ɗan abin yana iyo a ɗakina."

"Ki zauna mu yi magana."

"Maganata a rubuce za ki gan ta."

Na fita na bar mata takardar a can, don ta riƙa kallo tana jin kunya.

Da yamma mai gyaran famfo ya zo, wani dattijo Bapakistane mai gemu ja da lalle. Ya zura waya ya yi ta soka, ruwa ya ja baya kaɗan kaɗan. Ya ce wannan lallashi ne kawai, toshewar tana can ƙasa a babban bututu, sai ranar Talata zai zo da inji a buɗe.

Asabar guda na kashe a kan wasiƙar. Gida na wari, kafet na shanye a baranda, ni ina kan kujera da ƙamus. Shafi uku, da Turanci, zuwa ga wakilin mai ginin. Adireshi a dama, gaisuwa, kan magana da layi a ƙarƙashinsa, yadda malamarmu ta koya mana. Na jera ɓarnar ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta cewa matar da ke samanmu ta mai da gidan haya shagon kitso ba da izini ba, na ja wa wannan layi biyu. (Cewa matar da ke ƙasanta ta mai da nata gidan suya, shi ma ba izini, wannan bai samu wuri ba. Shafi uku ba shi da yawa.) A ƙasan sa hannuna na manna silin gashi uku da salatif, a matsayin hujja.

Malam ya karanta, ya cire tabarau. "Hajiya, ki bari a buɗe bututun tukuna. Kin san abin da takardar nan za ta jawo wa yarinyar nan?"

"Gaskiya za ta jawo mata."

"Rubutun dai ya yi kyau," in ji shi. Na ɗauka yabo ne.

Wakilin, wani Ba'indiye mai waya biyu da fayil a hammata, ya zo ran Lahadi. Bai wahalar da kansa da bincike ba, ga wasiƙa, ga gashi. Ya hau ya gaya wa Rifkatu cewa in aka buɗe ran Talata aka ga daga wurinta ne, ta kwashe kayanta ita da 'yan ɗakinta kafin ƙarshen wata, kuma zai sanar da inda take aiki. Kowa a can ya san ma'anar wannan. Bizarta a hannun shagon take. In suka ji tana kitso a gefe, sai jirgi.

Da na ji maganar biza wani abu ya ɗan soke ni, don ban yi nufin ta kai can ba. Amma na tuna hatimina, na haɗiye. Har na ƙara da cewa lallai a buɗe bututun a gaban kowa, kada a ce an yi rufa-rufa. Ni na bi ƙofa ƙofa. Na sa Malam ya nemi izini a ofis. Na kira biyu daga cikin gwaurayen da nake wa suya su zo shaida. Ran Talata na ɗaura ɗankwalina na zuwa biki.

A bayan ginin, wurin ajiye motoci, akwai wani murfin ƙarfe a ƙasa. Nan muka taru, 'yan Sin, 'yan Filifin, natur, wakili, da namu. Rifkatu ta zo cikin rigar aikinta ta tsaya gefe, ta harɗe hannu, idonta a kumbure. Ni ina gaba riƙe da tocila ina haska wa mai gyara, ko da yake rana tsaka ce.

Inji ya yi ta ƙugi. Da aka jawo wayar, sai ga 'yan silin gashi naɗe a bakinta. Na juya na dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Wakili ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu.

Mai gyara ya ce, "Sabar, Madam. Shwayya shwayya." Wato in yi haƙuri, da saura. Ya sa doguwar safar hannu, ya kwanta rub da ciki, ya zura hannu har kafaɗa. Ya yi nishi. Ya jawo wani abu ya dire a kan siminti.

Fari ne mai ɗan ruwan toka, dogo, ya ɗauki siffar bututun, kaurinsa kamar cinyar sa. Ya koma ya jawo wani. Ya sake jawo wani. Ya jera su kamar doya a kasuwa. Da ya sa ƙarfe ya fasa na farko, sai wani ƙamshi ya ratso ta cikin warin, ƙamshin da ko daga barci aka tashe ni zan gane shi. Citta. Kanumfari. Masoro.

Ɗaya daga cikin gwaurayen ya buɗe hanci, ya ce a hankali, "Kamar suyar Hajiya." Ɗan'uwansa ya taka masa ƙafa.

Ban dubi Malam ba. Na ji shi dai yana gyaran murya, irin wadda yake yi in kwantena ta zo daidai da lissafinsa.

Ni 'yar mahauta, jikar mahauta, na san abin da nake kallo tun kafin ya taɓa ƙasa. Sai a lokacin ƙwaƙwalwata ta ƙarasa darasin da na tsaya a rabinsa. Rana a kan kwalta take. Bututu kuwa yana cikin bango da ƙarƙashin ƙasa, a inuwa, na'urar sanyaya ɗaki na hura ginin ba hutu. Kakide ba ya bukatar sanyin Gembu. Ɗan sanyin nan da na yi wa dariya ya ishe shi har da saura.

Amma wakili bai san kakide ba, kuma ya toshe hanci da hankici. Ya ga farin abu, ya ga gashi maƙale a jiki, sai ya nuna da biro ya ce wa Rifkatu, ai ga man gashinta nan, magana ta ƙare.

Rifkatu ta ci suyata. Ta san ƙamshin kamar yadda na san shi. Ni ta kafa wa ido.

Ina so in ce muku a nan na yi magana. Ban yi ba. Ni da ba a taɓa jin shiruna ba, ni da na taɓa tsayar da motar haya a hawan Mambilla don direba ya zagi wata tsohuwa, na tsaya da tocila a hannu ina kallon takalmina. Wannan shirun ya fi kakiden ba ni kunya, kuma shi ne ainihin abin da nake ba ku labari.

Mai gyara yana fasa dunƙule na uku don ya shiga bokiti, sai wani abu ya yi ƙara a kan siminti ya gangara. Ya ɗauka, ya goge a wandonsa, ya ɗaga sama. Azurfa, da ɗan jan dutse.

Wata 'yar Sin da ke bene na uku, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta zana da'ira da yatsa a iska, ta nuna wajen lif, sannan ta nuna ni. Duk suka juyo. Ashe sanarwata ta karantu. Malamarmu ta sha gaya mana cewa rubutu mai kyau shi ne wanda kowa ya gane.

Wakili, da yake ba a ginin yake ba, ya tambaya na wane ne.

Na kashe tocilar. Na ce, "Nawa ne. Zoben nawa, kitsen nawa, wasiƙar ma tawa ce. Wannan ba man gashi ba ne, ragon Sallah ne. Raguna."

Na ɗauka shi ke nan Rifkatu ta fita. Ina. Wakili ya buɗe fayil ya ce toshewa daban, kitso ba izini daban, ga shi nan a rubuce har da layi biyu, dole ya kai gaba. A nan ne bakina ya dawo. Na ce in zai kai ƙarar mai kitso, ya haɗa da mai suya, ni da kaina zan rubuta masa, shafi shida in yana so. Na ce wasiƙar ƙarya ce ke hannunsa, kuma mai ita ta zo karɓar kayanta. Turancina ya ƙare a hanya na ci gaba da Hausa, na ga alama ya fi gane wannan. Na miƙa hannu na zare ta daga fayil ɗin, na dunƙule, na nufi ramin zan jefa.

Mai gyara ya tare ni da hannunsa mai safa. "La, Madam. Halas." Ya nuna bututun, ya nuna ni, ya girgiza kai. Ko ba tafinta na gane: abin da kika ba shi ya isa.

Nan mutane suka fashe da dariya, har natur. Wakili, wanda wari ya riga ya gallabe shi, wayoyinsa biyu kuma suna ta kuka, ya ce halas, wato shi ke nan da Larabcinsu, shi bai ga wasiƙa ba, bai ga kitso ba, gyara yana wuyanmu, kuma in ya sake jin ƙamshin suya a bututu mu ne za mu kwashe kaya. Ya shiga motarsa. Na karɓi zobena a cikin leda, na hau bene da ɗankwalin biki a kaina.

Wasiƙa ta biyu, ta ban haƙuri, layi biyar ce, kuma ta fi ta farko cin lokaci. Ba kan magana, ba layi a ƙarƙashi. Na hau da ita da kaina bayan kwana biyu. Rifkatu ta buɗe ƙofa, ba ta ce in shiga ba, ta karanta a tsaye.

"Yaya, ke 'yar Gembu, ni 'yar Pankshin. Ko akuyar garinmu ta san kitse na daskarewa."

"Kimiyya ce ta ruɗe ni."

"Kimiyya ce ta ja layi biyu?"

Na ce a'a, wannan ni ce. Na tambaye ta me ya hana ta tona ni tun da ta ji ƙamshin.

"Jira nake in ga ko karatun naki ya kai nan."

"Bai kai ba. Zobe ne ya kai."

"Na gani."

Ta shiga ciki ta bar ni a bakin ƙofa. Ta dawo da wani abu ta miƙo mini. Takardar shaidata ce, a bushe, a miƙe, an rufe ta da roba mai ƙarfi irin wadda ake yi a kasuwar 'yan Sin. Ta ce tun ran Juma'ar ta goge ta da auduga, ta busar da na'urar busar da gashi, ta danne ƙarƙashin katifa.

"Kafin in san kin rubuta wasiƙa na yi. Da na sani da na bar ta ta ruɓe."

"Da kin yi daidai."

"Na sani. Ki sauka, ina da aiki."

Wata uku ba ta taɓa kaina ba, na yi ta yawo da tsohon kitso ƙarƙashin ɗankwali. Ranar da ta ce in hau, ta ja gashin nan ja irin wanda kwana uku ban iya ɗaga gira ba. Da ta gama ta ce, "Ya yi zafi, Yaya?" Na ce ko kaɗan. Ta ce to mako mai zuwa in dawo a gyara gaban.

Ta ci gaba da zama a samanmu har muka bar Dubai, bizarta lafiya, 'ya'yanta suna makaranta. Takardar tana rataye a falona yanzu, da jan zane ya ratsa sunana. Baƙi suna tambaya, in ce musu ruwa ne ya taɓa ta. Ba na faɗin wane irin ruwa. Zoben kuwa na wanke shi da toka, da omo, da lemon tsami, na sa shi, amma ba na cin tuwo da hannun.

Ban daina rubuta wasiƙa ba, kada ku ɗauka na shiryu gaba ɗaya. Sai dai yanzu kafin in ja wa laifin wani layi, nakan je in sa hanci a bakin sinkina tukuna. Kakide kuwa gwangwanin madara nake nema masa, a Gembu nake ko a bakin murhun gidan burodi. Malam bai taɓa ce mini "ai na gaya miki" ba, ko sau ɗaya. Abin da yake yi ya fi wannan ciwo. Duk ranar da na gyara zama na fara cewa "a kimiyyance", sai ya sauke tabarau, ya dube ni da ladabi, ya ce, "Har teku, Hajiya?"